Abin da Na Gani a Safar Mochi

Talata, 19 ga Agusta, 12:20 na rana, a cikin mota

An gama. Ina kan rufin wata tsohuwa ina kwashe ganye daga indararo Stav ya kira ni, ya ce yaron ya sa hannu. Ren Kuramochi, shekara ashirin da biyar, bahago, daga wata ƙaramar ƙungiyar besbol a Japan. Ranar Asabar zai sauka. Stav kocinmu ne tun ina da gashi a tsakiyar kai, kuma ban taɓa jin ya yi murna haka ba.

"Zank, mun samu! Wallahi mun samu!"

Na ce ya bi a hankali kada haƙoran robarsa su faɗo.

A rubuta wannan: ni na fara kawo maganar a kwamiti. Na ce ƙungiyarmu ta Port Arden ba za ta ci rukunin arewa da majefi ɗaya ba, ko da majefin ni ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bara Kingsfold da wasa biyu kacal ta fi mu, kuma duka biyun a ranakun da ba ni ke kan tudun jifa ba. Brayside suna da masu duka, ba su da mai jifa. Wattle Flat kuwa sai dai a yi musu addu'a. Da ni da yaron nan, bana tamu ce.

Wasan buɗe kaka 5 ga Oktoba, da Kingsfold, a filinmu. A ɗakin kulob akwai allon katako da ake rubuta sunan wanda ya yi jifan buɗe kaka kowace shekara, da ruwan zinariya. C. Zanker, sau goma sha ɗaya a jere. Marigayi Len Rasmussen sha biyu ya yi, babu wanda ya taɓa kamo shi. Saura ɗaya. Stav bai ce komai a kan wannan ba, don babu abin cewa.

Kafaɗa lafiya lau.

Asabar, 23 ga Agusta, 5:00 na yamma

Na ɗauko yaron daga filin jirgi. Siriri ne, jaka ɗaya a baya, safar hannunsa ta besbol kuma a cikin wata jakar yadi ya rungume ta kamar jariri. Al'adar kulob ce baƙon ɗan wasa ya zauna a gidan ɗaya daga cikinmu, ni kuwa na ce ɗakin baƙinmu yana nan babu kowa tunda ’yarmu ta tafi Melbourne. Matata Narelle ta yi kwana uku tana goge ɗakin kamar sarauniya ce za ta zo.

Kafin mu kai gida ya zama Mochi. A ƙasar nan babu wanda zai zauna yana furta Kuramochi. Shi kuma Craig-san yake ce mini, irin girmamawar ƙasarsu. Turancinsa gajere ne amma ba ya ɓata ko kalma ɗaya. Na biya da shi ta fili don ya gani, sai ya cire hula a bakin shinge ya rusuna wa ciyawa. Ciyawar da karen Stav ke yin abin da ya ga dama a kanta! Na yi dariya, daga baya kuma na ji kunyar dariyar.

Narelle ta ce yaron kirki ne. Ta faɗa sau uku.

Laraba, 27 ga Agusta, 6:40 na safe

Jiya Mochi ya yi jifansa na farko a atisaye. Gani ya kori ji.

Miƙaƙƙiyar ƙwallonsa tana da gudu, amma na ga masu gudu irinta. Ɗayar ce abin tsoro. Yana cusa ƙwallon tsakanin yatsu biyu, ta taho kamar miƙaƙƙiya, sai ta zo daf da mai duka ta faɗi ƙasa kamar an yanke mata igiya. Minh, mai kama mana ƙwallo, uku suka wuce shi ta tsakanin ƙafa. Ya ɗaga ragar fuskarsa ya ce, "Koci, a ƙara mini albashi." Stav ya ce, "Ninki biyu na sifili, an ƙara." Masu dukanmu guda shida suka shiga, shida suka fito suna zagin sandunansu.

Ina tsaye ta gefen matsaya ta farko, wajen da bahago ke fuskanta idan ya tsaya zai yi jifa. Daga nan na ga wani abu. Duk sanda zai jefa mai faɗuwar, sai ya tura ƙwallon cikin yatsunsa a cikin safa, safar kuwa ta ɗan buɗe baki. Idan miƙaƙƙiya ce, bakin a rufe yake. Na ƙirga sau goma sha huɗu, ban yi kuskure ko ɗaya ba. Stav bai gani ba, Minh ba zai iya gani daga inda yake tsugune ba. Shekara ashirin a wasan nan ba wasa ba ne.

Ƙaramin abu ne, gyaran minti biyar. Zan gaya masa ranar Alhamis.

Juma'a, 29 ga Agusta, 12:15 na rana

An yi ruwa jiya, atisayen ya watse da wuri. Ban samu sarari ba.

Talata, 2 ga Satumba, 8:15 na dare

Na yi jifa talatin. Minh ya ce ƙwallona tana zuwa "da natsuwa." Na ce masa natsuwa ita ce ke cin wasa, gudu na masu tseren keke ne. Ni ban taɓa dogara da ƙarfi ba. Na san abin da kowane mai duka a rukunin nan yake so, na san abin da ya tsana, wasu ma na san sunan karnukansu.

Stav ya tsaya a bayan Mochi minti arba'in, a bayana minti biyar. Daidai ne, sabo ne, dole a duba shi. Wa ke tsayawa duba motar da ta shekara goma sha ɗaya ba ta taɓa mutuwa a hanya ba?

A wurin aiki na bar wa abokin aikina ɗaga tsani zuwa kan mota. Ya fi ni tsawo ne kawai.

Kafaɗa lafiya lau. Zan gaya wa Mochi maganar safar idan ya ƙara sabawa. Ba a tarbar baƙo da gyara.

Lahadi, 7 ga Satumba, 7:30 na yamma

Ranar Uba, ranar karrama iyaye maza. Mun gasa nama a bayan gida, dangin Narelle duk sun zo. Mochi ya bi Minh kamun kifi.

Brenton ma ya zo. Ƙanin Narelle, mataimakin kocin Kingsfold, mutumin da aka haifa da baki kafin sauran jiki. Ko farantinsa bai ajiye ba ya fara.

"Tsoho! An ce an sayo maka magaji daga Japan."

"An sayo muku ciwon kai dai."

"Har a gidanka ka ajiye shi, kana ba shi abinci, kana kai shi fili. Kai, ban taɓa ganin wanda ya yi kiwon mai karɓe masa kujera da hannunsa ba. Yaya, ki duba ko ya fara saka masa silifas ɗinsa."

Aka yi dariya. Na yi tare da su.

"Gaskiya dai, Craig," in ji shi, yana juya soseji a kan wutata kamar gidansa, "kowa ya san wa zai buɗe kaka. Len yana kabarinsa yana barci da minshari. Ka nemi kujerar naɗewa mai kyau, ka zauna da tsofaffi a bakin shinge."

Giya uku na sha, ko huɗu. Na ce masa yaron ba dodo ba ne, duk mai ido zai karanta shi kamar jarida. Ya ce ta yaya. Muka ci gaba da hira.

Ban faɗi komai ba wanda mai ido ba zai gani da kansa ba.

Litinin, 8 ga Satumba, 6:30 na safe

Brenton ma ya sha. Ba zai tuna ba.

Alhamis, 11 ga Satumba, 12:30 na rana

Tsuntsun magfai na bishiyar bayan fili ya fara kai hari, lokacinsa ya yi. Ya bi Mochi tun daga shinge har ɗakin kulob yana saran hularsa, Mochi yana gudu yana ba shi haƙuri da Japananci. Mun yi dariya har Stav ya zauna a ƙasa. Na koya masa ya zana idanu biyu a bayan hular, tsuntsun ba ya kai wa mai kallonsa hari. Ya zana da kyau, har da gira.

Ina son yaron nan, gaskiya. Shi ke wanke kwanuka kullum ko an hana shi. Ya gyara ƙofar gareji da na shekara biyu ina cewa zan gyara.

An sa wasan gwaji da Kingsfold ranar 20, a filinsu. Zan gaya masa kafin nan. Akwai lokaci.

Laraba, 17 ga Satumba, 6:45 na safe

Idan na taɓa wa Mochi riƙon ƙwallo kwana uku kafin wasa, zan rikita shi ne kawai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Bayan wasan ya fi.

Narelle ta tambaye ni me ya sa nake aske gemu da hagu. Na ce gwaji nake yi.

Asabar, 20 ga Satumba, 6:10 na yamma

Wasan gwajin. Ni na fara jifa, zagaye biyu. Maki ɗaya suka ci, shi ma sa'a ce. Na ba su ta waje, na ba su ta ƙasa, na bar su suna dukan iska da haushi. Haka ake yi. Da na sauko Stav ya ce, "Tsohon hannu," ya dafa mini kafaɗa. Da ma ɗayar ya dafa.

Sai Mochi ya hau.

Brenton yana tsaye a wurin koci na matsaya ta farko, hannuwa a gwiwa. Jifa na farko shiru. Na biyu sai ya ɗaga murya, "Haƙuri, haƙuri!" Mai duka bai motsa ba, ƙwallo ta faɗi a ƙasa a banza. Na uku Brenton shiru, mai duka ya zabga mata sanda ta tsallake shingen hagu. Haka aka yi ta yi. In ya ce haƙuri su tsaya, in ya yi shiru su daka. Zagaye uku, maki bakwai. Ko ɗaya daga cikinsu bai kai wa mai faɗuwar sanda ba, ƙwallon da masu dukanmu suka yi wata guda suna bi kamar makafi.

Mochi bai nuna komai a fuska ba. Ya sauko, ya rusuna wa filin, ya zauna a ƙarshen benci ya ɗora tawul a ka.

A wurin ajiye motoci Brenton ya kashe mini ido daga nesa. Na yi kamar ina neman makulli.

Wasan gwaji ne. Babu wanda ke rubuta wasan gwaji a allo.

Lahadi, 21 ga Satumba, 4:00 na yamma

Tun safe Mochi yana teburin kicin da wayarsa, yana kallon bidiyon jifansa. Daga bayan Minh aka ɗauka, ta nan kuwa bayan safar kawai ake gani. Yana duba ƙafarsa, yana duba gwiwar hannunsa, yana rubutu a ɗan littafinsa. Shayinsa ya huce sau biyu.

"Craig-san. Kai ka daɗe. Me ka gani?"

Na ce rana ce kawai, kowa yana da irinta. Na ce ni ma Kingsfold sun taɓa cin maki tara a kaina.

"Sun sani," in ji shi. "Kafin in jefa, sun sani. Ban san ta ina ba."

Na ce ya huta, kada ya cika tunani. Ya yi mini godiya.

Narelle tana yanka albasa a bayanmu. Wuƙar ta tsaya, can kuma ta ci gaba.

Talata, 23 ga Satumba, 8:20 na dare

Wasu ’yan kwamiti sun fara ƙananan maganganu a wurin shan giya na kulob. Wai ko an yi zaɓen tumun dare, wai har 10 ga Oktoba ana iya canza baƙon ɗan wasa. Na tashi na kare Mochi, kowa ya ji ni. Na ce wanda bai taɓa hawa tudu ba ya rufe mana baki. Suka yi tsit.

Na kare shi da kyau. A rubuta wannan ma.

Alhamis, 25 ga Satumba, 9:00 na dare

Stav ya tara mu bayan atisaye ya ce Zank ne zai buɗe kaka. Aka yi tafi. Minh ya yi ihu, "Sha biyu!" Mochi ne ya fara zuwa ya miƙo mini hannu, da hannu biyu ya riƙe nawa.

Abin da ya kamata ne aka yi. Na san Kingsfold ciki da waje, na ci su sau goma sha tara a rayuwata. Zagaye biyar zan ba Stav, sauran a raba. Da za a sake zaɓe sau goma, sau goma ni za a zaɓa.

Na yi murna. Ina murna.

Juma'a, 26 ga Satumba, 6:20 na safe

Na gaya wa Narelle jiya, ta ce, "Madalla," ta ci gaba da ninke kaya.

Na ce, "Shi ke nan? Madalla?"

Ta ce, "Tagar kicin a buɗe take ranar Uba, Craig."

Na ce ban san abin da take nufi ba. Ta ce shekara ashirin da huɗu tana aure da ni, ta san fuskata idan ban sani ba, wannan ba ita ba ce. Ta ce ƙaninta jaki ne, tun yana yaro ta san haka, amma jaki abin da aka ɗora masa yake ɗauka. Sai ta miƙo mini rigunan Mochi da ta ninke ta ce in kai masa ɗaki.

Na ajiye su a bakin ƙofa.

Lahadi, 28 ga Satumba, 11:00 na safe

Kafaɗa lafiya.

Talata, 30 ga Satumba, 12:10 na rana, a cikin mota

Da safe ina gareji ina neman kusoshi sai ga Mochi da wata doguwar roba ja, irin ta motsa jiki. Ya ɗaura ta a jikin ƙofa, ya nuna mini yadda zan riƙa ja a hankali, gwiwar hannu a manne da haƙarƙari. Sau goma sha biyar safe da yamma.

Na ce, "Ta mece ce?"

Ya taɓa kafaɗarsa, sannan ya nuna tawa. "Ranar farko na gani. Idan ta yi zafi, kana sauke hannu kaɗan. Kamar haka." Ya kwaikwayi jifana, daidai, har da yadda nake cije leɓe. "Yayana haka ya yi. Bai faɗa ba. Yanzu ba ya jifa."

Na ce sanyi ne kawai.

"To," in ji shi. "Ban gaya wa Koci ba. Ban gaya wa Minh ba. Maganarka ce, Craig-san. Sha biyu yana da muhimmanci, na sani. Ka yi robar, za ta taimaka zagaye uku, ko huɗu."

Wata guda da kwana huɗu yana riƙe da wannan. Yana cin abinci da Stav, ana kai shi kamun kifi, Kingsfold sun yi masa kaca-kaca, an ba ni ƙwallon da ya tsallako teku dominta, kuma bai buɗe baki ba.

Na ja robar sau goma sha biyar yana ƙirgawa. Abincin rana yana nan a kujerar gefe, ban taɓa ba.

Laraba, 1 ga Oktoba, 6:30 na safe

Zagaye uku ko huɗu zan iya. Ana rubuta suna ko da jifa ɗaya mutum ya yi.

Laraba, 1:00 na rana

Len da hannu mai lafiya ya yi nasa.

Alhamis, 2 ga Oktoba, 8:40 na dare

Na tashi aiki da wuri, na kai Mochi fili ƙarfe huɗu kafin kowa ya zo. Na ce ya hau tudu. Na kafa wayata a kan bokiti ta gefen matsaya ta farko, na ce ya jefa goma a raga, yadda ya ga dama, kada ya gaya mini. Kafin kowace ta bar hannunsa ina faɗar sunanta. Goma cikin goma. A ta shida ya daina kallon raga, ni yake kallo.

Na nuna masa bidiyon. Ya kalla sau ɗaya, ya dubi safarsa, ya cusa ƙwallon, ya ga bakin ya buɗe. Ya daɗe yana kallonta.

Na yi ta zuba kamar rediyo. Na ce gyaran mai sauƙi ne, ya riƙa fara kowane jifa da riƙon mai faɗuwa, safar ta buɗe kullum, in miƙaƙƙiya yake so sai ya zame yatsu a ciki. Na ce ranar Lahadi Brenton zai yi ta ihun haƙuri ƙwallo tana wuce su ta tsakiya. Na ce abin ma ya zame mana alheri.

Ya bar ni na gama.

"Yaushe ka gani?"

"Ranar farko."

"Ashirin da shida ga Agusta."

"E."

"Kingsfold. Su suka gani?"

Da na ce e, da ya yarda. Brenton ba zai taɓa faɗa ba, zai fi so a ce idonsa ne.

Na ce, "Ni na gaya musu."

Bai yi ihu ba. Da ya yi da na fi jin daɗi. Ya sa safar a jakar yadinta, ya ɗaure bakin, ya ce, "Na gode da gyara." Ya tafi can ƙarshen fili ya fara gudu shi kaɗai.

Da Stav ya zo na ja shi bayan ɗakin kaya na gaya masa duka biyun, safar da kafaɗar. Tun watan Mayu ba na iya ɗaga hannun dama sama da kunne, ban kwana a kan gefen nan ba tun kafin sanyi ya shigo. Ga shi na rubuta. Stav ya cire hula ya mayar, ya sake cirewa.

"Kai jaki ne, Zank."

"Na sani."

"A'a, ba ka sani ba. Sau biyu kake jaki. Da ka zo mini a watan Mayu da na ba ka mai duka ɗaya ranar buɗewa, ka jefa, a rubuta sunanka, kowa ya yi kuka, mu wuce wurin. Wa zai hana ka? Yanzu ko ka roƙa ba zan ba ka ba."

Na ce ban roƙa ba. Ya ce gara da ban roƙa ba.

Asabar, 4 ga Oktoba, 10:30 na safe

Minh ya zo da motarsa. Mochi ya kwashe kayansa, ya ce gidan Minh ya fi kusa da fili. Ba haka ba ne, amma babu wanda ya musa. Ya rungumi Narelle, ta yi kuka. Ni ya rusuna mini daidai yadda ake yi wa mutumin da aka haɗu da shi a banki.

Abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na zata, kuma ba ni da wanda zan kai wa ƙara.

Lahadi, 5 ga Oktoba, 7:15 na yamma

Port Arden 4, Kingsfold 1.

Mochi ne ya buɗe kaka. Zagaye na farko, safarsa ta buɗe baki, Brenton ya kwarara ihu, "Haƙuri, haƙuri!" Ƙwallo ta bi ta tsakiya kamar jirgin ƙasa, mai duka yana tsaye da sanda a kafaɗa. Sau uku a jere. Mai dukan ya juya ya dubi Brenton kamar zai cinye shi. A zagaye na uku nasu kocin ya ce masa ya rufe baki, har daga bencinmu mun ji. Mochi ya yi zagaye bakwai, ya fitar da masu duka goma sha ɗaya. Ina zaune a kan bokiti ina rubuta jifa ɗaya bayan ɗaya a takardar Stav, kuma ban taɓa ganin jifa mai kyau irin wannan a filinmu ba, har da nawa.

Na faɗa tun watan Agusta, bana tamu ce. Kingsfold ba su da amsa. Wattle Flat ba a maganarsu. Brayside ne kawai, su kuma ranar Asabar za mu je musu.

Bayan wasa ina tattara ƙwallaye sai ga Mochi da ɗan littafinsa, Minh yana biye da shi yana cire kayan kariyar ƙirji.

"Brayside. Mai duka na huɗu. Me yake so?"

Na ajiye bokitin. Na gaya masa komai. Mutumin yana son ta sama ta ciki, yana matsowa da ƙafar gaba idan yana jiran miƙaƙƙiya, in an ba shi biyu a waje sai ya fusata ya bi ta uku ko a ƙasa take. Shekara tara ina tara wannan, ban taɓa ba kowa ba. Ya saurara har na gama, alƙalami a hannu, bai rubuta ba. Sai ya juya.

"Minh. Gaskiya ne?"

Minh ya dube ni, ya dubi ƙasa. "E, haka ne."

Sannan Mochi ya rubuta.

Mako mai zuwa ma zai tambayi Minh, da makon da ke bayansa. Wasa ashirin da bakwai suka rage mana. Zan yi ta gaya masa gaskiya har ya gaji da tambaya.